"Sai na koma gida" ba uzuri ba ne

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa masu neman halaliya a Legas.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakinmu, daga Agege har Alaba Rago, kuma tana damuna ƙwarai: "Bari dai in tara abin da zan tara, in na koma gida sai in gyara tsakanina da Allah." Ɗan dako a Mile 12 yana faɗinta, ɗan canji yana faɗinta, har wanda ke zaune a ofis a Ikeja da kwamfuta a gabansa. Ɗan'uwa, mala'ikun da ke rubuta aikinka ba su sauka a Jebba ba ranar da motarku ta ƙetare Kwara. Tare kuka shigo garin nan. Mutum nawa suka zo ci-rani na wata uku, yau 'ya'yansu Yarbanci ya fi kama bakinsu? Mutum nawa muka sallata a nan, ba su koma ba?

Ba na raina wahalar da kuke sha. Motocin tumatir da albasa suna isowa tun kafin asuba, sai an sauke. Cunkoson titin Ikorodu yana iya cinye maka La'asar da Magariba kana cikin danfo. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, da yawa sun koma aikin da ya fi tsawon lokaci, kuɗinsa kuma bai kai ba. Ga haya, ga mutanen gida kowa na jiran ka turo. Duk gaskiya ne.

Amma ku duba abin da muka mayar da sallah. Sai mutum ya tattara Azahar, La'asar da Magariba ya zubo su bayan Isha'i, yana gyangyaɗi, in an yi magana ya ce ai matafiyi ne. Wace tafiya? A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, da zarar ka yi niyyar zaman kwana 4 a gari, hukuncin matafiyi ya sauka daga kanka. Kai kuwa shekara nawa kana biyan kuɗin ɗaki a Idi-Araba? Daga nan zuciya take fara bushewa. Kuɗi na shigowa amma babu natsuwa, abu kaɗan sai faɗa, sai a koma ƙwaya don jiki ya jure, sai cacar ƙwallo a waya don a huce takaici. Wallahi wannan gajiyar barci ba ya maganinta.

Ba cewa nake ku bar sana'a ba. A Suratun Nur, aya ta 37, mutanen da Allah ya yaba 'yan kasuwa ne, sai dai fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambatonsa da tsai da sallah da ba da zakka. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina hannu rabbana, kasuwa ya ce a nuna masa, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Idan ka fito da niyyar ciyar da iyayenka da rufa wa iyalinka asiri, buhun da ke kanka lada ne. Sharaɗin dai aikin ya zama mai tsabta. Kada ka jera ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ka rufe da mai kyau. Kada ka ga baƙuwa ba ta san farashi ba ka yanke ta. Bayeraben da ke ciniki da kai, ko Musulmi ko Kirista, da halinka yake auna mu gaba ɗaya.

Jikinka ma yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da nasu. Salmanul Farisi ya faɗa wa Abud Darda haka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Ka kwanta da wuri maimakon raba dare a TikTok, asuba za ta yi maka sauƙi. Ka kira mahaifiyarka ranar da ba kuɗi za ka tura ba. Masallatan unguwanninmu ana karatu tsakanin Magariba da Isha'i, ka zauna ko sau ɗaya a mako. Kafin ka hau mota ka yi alwala, in lokaci ya kusa ka yi sallarka tukuna.

Masu aiki ƙarƙashin wani kuma, gadi ne ko tuƙi ko ofis, kada ka riƙa sulalewa a ɓoye. Ka samu maigidanka cikin ladabi ka gaya masa lokutan, ka ce minti 10 kake buƙata, ranar Juma'a kuma ka nemi wanda zai riƙe maka wurin. In ya amince, ka dawo kan lokacin da ka faɗa, kada ka tsaya hira a ƙofar masallaci.