Bidiyon ƙwace wuƙa ba zai koya maka kare kai ba

Jama'a, tun da ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano da wasu garuruwanmu, bidiyon "dabarun kare kai na sojoji" ya cika TikTok da YouTube. Wani ya kawo sara da wuƙa, malamin ya goce, ya murɗe masa hannu, wuƙa ta faɗi ƙasa, duk a cikin daƙiƙa goma. Matasa na turawa juna, wasu har suna gwadawa da ƙannensu a tsakar gida. Abin yana damuna ƙwarai, domin wanda ya kalli irin wannan sau ɗari ya fi wanda bai taɓa kallo ba shiga haɗari. Shi wancan ya san bai iya ba, zai miƙa waya ko ya ruga. Wannan kuwa yana zaton ya iya, zai tsaya.

Dabarun nan da ake jingina wa soja duk a jikin mutum aka haife su, hannu da hannu. William Fairbairn ya shiga aikin 'yan sandan birnin Shanghai a 1907, ya tattara abin da ya ga yana aiki a rigingimun titi, a 1940 kuma shi da abokin aikinsa Eric Sykes suka horar da kwamandojin Birtaniya a Sukotilan. Imi Lichtenfeld, wanda ya kafa Krav Maga, salon faɗan kare kai na Isra'ila, ɗan kokawa ne kuma ɗan dambe a birnin Bratislava, ya zama malamin horon rundunar Isra'ila daga 1948 har ya ajiye aiki a 1964. A Amurka, Matt Larsen ya fara gyara tsarin faɗan hannu na sojojin Ranger a 1995, ya gina shi kan kokawar ƙasa ta jiu-jitsu ɗin Brazil. Sojojin kundumbalar ruwa na Amurka ba a ba su ɗamarar matakin farko ta faɗan hannu sai sun yi awa 27 da rabi a gaban malami. Rundunonin nan ba kuɗin ɗaukar bidiyo suka rasa ba. Sun dai san abin da bidiyo ba ya iya bayarwa. A kuma lura: soja yana da bindiga, yana da abokai a bayansa, aikinsa ya kusanci abokin gaba. Kai farar hula burinka ka samu tazara ka tsira. Rabin abin da ake koya wa soja bai shafe ka ba.

Abu na farko da allo ke ɓoyewa shi ne tazara da sauri. A 1983 wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada ya ga mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A bidiyo maharin yana miƙo hannu sau ɗaya ya bar shi a miƙe, yana jira a kama. Na gaske yana riƙe wuyan rigarka da hagu, yana suka da dama sau biyar ko shida a jere, hannun yana fita yana komawa. Malamin kirki yana nuna wa ɗalibansa wannan da gwaji mai sauƙi: ɗaya ya sa farar riga, ɗaya ya riƙe jan alƙalamin zane (maka) a madadin wuƙa, a ce ya kai hari da gaske na daƙiƙa goma. Sai a tsaya a ƙirga jan layin da ke ciki da haƙarƙari da cikin damtse. Daga ranar ɗalibi yake daina mafarkin ƙwace wuƙa.

Darasin da ya fi ceton rai kuwa ba a cika ɗora shi a intanet ba, don ba ya burge masu kallo. Shi ne koyon faɗuwa. Mutane da dama da aka ture a titi, ba naushin ne ke halaka su ba, buguwar ƙeya da kwalta ce. Ƙa'idar faɗuwa ta baya ita ce: ka manne haɓa da ƙirji, ka lanƙwasa gwiwa ka rage tsawo, ɗuwawu ya fara sauka kusa da diddige, baya ya mirgina a lanƙwashe, sannan ka doki ƙasa da tafin hannu da damtse gaba ɗaya, hannayen a buɗe kaɗan daga jiki. Ana farawa daga kwance, sai daga tsugune, sai daga tsaye, a kan katifa. Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi guda biyu ne. Ya miƙa hannu baya don ya tokare, nan wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce. Ko kuma ya saki wuya a daidai lokacin sauka, kai ya yi baya ya daki ƙasa. Mai faɗuwar ba ya ganin kansa, yana rantsuwa ya manne haɓa alhali ya sake ta. Sai wanda ke tsaye a kansa ne zai gani, ya sa hannu a ƙeyarsa ya ce a sake.

Haka ma kwance riƙo. In an riƙe maka wuyan hannu, wurin rauni shi ne tsakanin babban yatsansa da sauran yatsu. Ka juya hannunka siririn gefensa ya fuskanci wannan ɓaraka, ka kai gwiwar hannunka wajen tasa, ka taka ƙafa ka fizge da nauyin ƙugu. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma wanda ya koya shi kaɗai da ƙarfin damtse yake ja da baya, kuma in mai riƙon ya fi shi ƙarfi sai ya ƙara jawo shi jikinsa. Sai ka yi da hannu iri-iri, na siriri da na ƙato, mai gumi da busasshe, kafin jikinka ya gane inda ƙofar take. Duka ma haka. Naushi da dunƙulallen hannu a kan ƙashin kai yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, shi ya sa ake koya wa sabon ɗalibi bugu da gindin tafin hannu, yatsu a ɗage, gwiwar hannu ba a miƙe ƙyam ba. Mai riƙe maka kushin da kake duka ne zai ji ko nauyin jikinka ya shiga bugun ko hannu kawai kake jefawa.

Shaƙa kuma, don Allah kada kowa ya gwada a gida. Matse jijiyoyin gefen wuya yana sumar da mutum cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, kuma wanda ya suma ba ya iya cewa a sake shi. A wurin horo akwai doka: wanda aka kama ya bubbuga jikin abokinsa sau biyu, a sake nan take, malami kuma yana tsaye yana duban fuska. Yara biyu a ɗaki da waya a hannu ba su da wannan mutum na uku.

Mu da muke da dambe da kokawa bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Ba ɗan damben da ya koyi naɗa kara da tsayuwa daga kallo a gefen fili. Ubangida ne ke gyara masa ƙafa, ya haɗa shi da sa'ansa, ya hana shi karawa da wanda ya fi ƙarfinsa har sai ya nuna.

To ina za a je? Ba dole sai an samu mai allon "horon soja" ba. Kulob ɗin judo, dambe na zamani, taekwondo ko kokawa da ke filin wasa na jiha ya wadatar a shekarar farko, muddin ana gwabzawa da wanda ke turjewa da gaske. Sau biyu ko uku a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ƙalla wata shida kafin ka fara zaton wani abu ya zauna a jiki. Ka fara zuwa kallo kafin ka biya kuɗi. Duba ko akwai katifa, robar haƙori, safar hannu da akwatin agajin gaggawa. Duba ko malamin yana zagayawa yana gyara ɗalibai ɗaya-ɗaya ko kuwa kansa kawai yake nunawa. Tambaye shi wa ya koya masa, shekara nawa. Wanda ya yi maka alkawarin ƙwace bindiga a mako biyu, ko yake jibgar sababbin ɗalibai don ya nuna isa, ka bar masa wurinsa. Kakin soja a jikin malami ba shaida ba ce. Ga mata, a nemi ajin da mace ke koyarwa ko wanda ake horo a fili a gaban jama'a.

Sannan malamin ƙwarai zai zaunar da kai kan doka. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 da dokar hukunta laifuka ta Penal Code sun amince da kare kai, amma iya gwargwadon buƙata. Da zarar maharin ya juya yana gudu, in ka bi shi ka ji masa rauni, kai ma kana iya tsayawa gaban alƙali. Zai kuma sa ka maimaita abin da za ka yi in an tsare ka da makami ana neman waya: hannaye a buɗe a gaban ƙirji inda zai gan su, ka miƙa ko ka ajiye ta a ƙasa, ka ja da baya a karkace ba tare da ka juya masa ƙeya ba, in ka samu taku huɗu ko biyar ka ruga wajen haske da mutane kana ihu. Daga nan ka kira banki a rufe asusu, ka toshe layi, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda.