Dokar Hani Kaɗai Ba Ta Tsare Kifi da Namun Daji

Duk lokacin da aka ce kifi ya yi ƙaranci a ruwa ko dabbobi sun ragu a daji, abin da gwamnatoci suka fi gaggawar yi shi ne kafa dokar hani, saboda ba ta cin kuɗi kuma tana da daɗin ji a labarai. A ganina, ranar da aka kai ga hanawa gaba ɗaya, galibi bashin sakacin shekaru ne ake biya, kuma talakan da ke gefen ruwa ko daji shi ake ɗora wa biyan.

Abin da ya faru da kifin kod a gabashin Kanada ya isa misali. An yi kusan shekara 500 ana kama shi ba tare da ya ƙare ba, har manyan jiragen ruwa masu jan taru suka shigo, inda a 1968 kaɗai aka kwashe sama da tan 800,000. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta a teku zuwa mil 200, ta rage jiragen ƙasashen waje, amma sai ta cike gurbinsu da nata. Tun a shekarun 1980 ƙananan masunta suke kokawa cewa kifin da suke samu yana raguwa, girmansa ma yana ƙanƙancewa, sai dai hukuma ta fi gaskata alƙaluman manyan jirage, waɗanda na'urorinsu ke gano inda ragowar kifin ya taru, don haka tarunsu ya ci gaba da cika alhali teku na ƙarewa. A watan Yulin 1992 ministan harkokin kamun kifi na Kanada John Crosbie ya sanar da dakatar da kamun kifin na shekara biyu. Mutane kusan 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka ɗage dokar. Da an saurari masu kwale-kwale shekara goma kafin nan, rage kason kifin da aka yarda a kama kawai za a yi.

A ɓangaren farauta, Kenya ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977, amma dabbobinta sun ci gaba da raguwa ƙwarai, musamman saboda gonaki da dabbobin gida sun cinye wuraren kiwonsu. Namibiya ta bi wata hanyar, domin dokarta ta 1996 ta ba mutanen karkara damar kafa yankunan kare dabbobi da suke gudanarwa da kansu, suna cin moriyar kuɗin masu yawon buɗe ido da na farautar da aka ƙayyade. Yau irin waɗannan yankuna sun haura 80. Dalilin bin wannan hanya a fili yake: manomin da giwa ta tattake masa gona, idan ba ya samun komai daga zamanta, ba zai taɓa kai ƙarar mai neman haurenta ba. Hatta Botswana, wadda ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, ta hana farauta a 2014, sannan ta janye a 2019 bayan koken mazauna ƙauyuka.

Ba zan ɓoye ba, hoton attajiri tsaye kan gawar zaki ba ya burge ni, kuma na san akwai inda kuɗin lasisin farauta ke ƙarewa a aljihun jami'ai. Amma maganin wannan shi ne a ƙidaya dabbobi a kan kari, a fitar da kaso bisa ƙidayar, a rufe lokacin hayayyafa, a kuma bayyana wa jama'a inda kuɗin ya tafi.

Duk wannan aiki yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa. Amurka ta warware nata tun 1937, lokacin da ta keɓe harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji, ta kuma gindaya wa jihohi sharaɗin cewa duk wadda ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki dabam, ba za ta samu kasonta ba.