Yadda Na Buga Hoton Fegi a Kan Shaddata

Tun ranar da yaran gidanmu suka tambaye ni abin da ke cikin waya na yi musu alkawarin nuna yadda ake zana ƙwaƙwalwarta da haske. A masana'anta, ana shafa wa faifan silikon sinadari mai jin haske, a haska shi ta cikin allo mai ɗauke da zane, a wanke, sai zanen ya fito. Ni ba ni da silikon, amma akwai kurkur a kicin, wanda launinsa ke dusashewa a rana, yake kuma komawa ja idan ya haɗu da kanwa. Na jiƙa garinsa a sifirit, na tace, na shafe farar takarda, na rubuta KANO da baƙar maka a kan leda, na ɗora, na danne da gilashi a kan katanga, na tafi ɗaurin aure. Ban ko ɗaga kai na lura cewa hazo ya rufe gari ba.

Da na dawo, ban tsaya cire sabuwar farar shaddata ba, na tara yara a ƙofar gida na fara jawabi. Na gaya musu cewa kamfanin ASML na ƙasar Holan yana ƙera injin da ke yin wannan aiki da haske mai tsawon zango nanomita 13.5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma abin da za su gani yanzu ƙanen wancan ne. Ana cikin haka sai ga Alhaji, wanda tsanina ya yi damina biyu a gidansa, kuma duk lokacin da na yi maganar tsanin sai ya tambaye ni lafiyar iyali. Ya dubi kwanon ruwan kanwa, ya dubi takardar, ya ce, "Malam, wai rubutun sha ka fara yi ne ba mu da labari?"

Na yi murmushin mai ilimi, na ce ya dai zuba ido. Na tsoma takardar a hankali, na sa yara suka ƙirga zuwa goma da ƙarfi, na ɗago ta sama yadda kowa zai gani. Takardar ta yi ja wur daga sama har ƙasa, babu ko ɗigon harafi, domin awa biyu cikin hazo bai dusar da komai ba. Na juya bayanta, na sake juyowa, na kara ta a ido, na sake tsomawa, duk a cikin shirun da ban taɓa jin irinsa ba a layinmu. Sai auta ta ce, "Baba, ina Kanon?" Kafin in haɗa amsa, Alhaji ya gyara hularsa ya ce wataƙila ta wuce Holan ne, kuma wannan mutum, da tsanina a bayan ɗakinsa, shi ya fi kowa daɗewa yana dariya. Cikin ruɗewa na goge hannuwana a gefen shaddar.

Uwargida ba ta ce uffan ba, ta kai rigar wanki, kuma da sabulu ya taɓa tabon sai ya koma ja kamar na fito daga kwata. Ta shanya ta kwana uku bayan hazo ya washe, rana ta cinye tabon tas, in ban da wurin da fegi ya maƙale ta a igiya, inda hotonsa ya fito raɗam. Yanzu yara rigar suke nuna wa baƙi a matsayin gwajin Baba. Jiya na aika a karɓo tsanin, aka ce Alhaji ya tafi kasuwa.