Ka gani ne, ko ji ka yi?

Bara aka kira ni shaida a wata kotun shari'a kan bashi tsakanin kawuna da abokin cinikinsa. Na shiga da ƙarfina, don duk gidanmu an san maganar kuɗin nan. Ina gama bayani alƙali ya dube ni ya ce, "Malam, kana wurin aka miƙa kuɗin, ko ji ka yi?" Na ce ji na yi a bakin kawu. Ya rubuta, ya ce in koma in zauna. Tun ranar tambayar nan take bina, kuma ita ta sa na zauna na koyi kalmomin da na ɗauka na sani.

Jama'a, zargi daban, tuhuma daban, hukunci daban. Zargi zato ne da ya faɗa kan mutum. Tuhuma ita ce a karanta masa laifin a gaban alƙali, a tambaye shi ya amsa ko ya musa. Hukunci kuwa sai an saurari shaidu, an auna hujja. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tafiya mai nisa, amma mu a Facebook taku ɗaya muke yi. 'Yan sanda su jera mutane a gaban kyamara, kafin la'asar mun raɗa musu suna ɓarayi. Alhali sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifin a kansa. "Wanda ake zargi" ba kwalliyar 'yan jarida ba ce, haƙƙin mutum ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kalmomin shari'a ba baƙi ba ne a gare mu. A zaurukan malamanmu ake karanta su. Hujja tana kan mai da'awa, wato mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musa: wane almajiri ne bai ji wannan ba? Akwai iƙirari, mutum ya amsa da bakinsa ba da duka ba. Akwai tazkiyya, a bincika amanar shi kansa mai shaidar. Sai wadda ta fi burge ni, i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci, sai ya waiwayi wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran abin cewa, ko wata suka ga shaidun. In aka tsallake wannan, kotun sama tana iya rushe hukuncin gaba ɗaya. Ku duba irin wannan taka-tsantsan, don Allah.

Ku koma Suratu Yusuf. Riga mai jini aka kawo wa Annabi Yaƙubu, abin gani da ido, amma jinin ƙarya ne, kuma bai yarda ba. Daga baya wata rigar da ta yage ta baya ita ta wanke Annabi Yusuf. Wannan ita malamai ke kira ƙarina, wato alamar da ke nuni. Alama tana iya faɗin gaskiya, tana iya yin ƙarya, sai an tambaye ta. Hoton hira da aka turo maka a WhatsApp bai fi rigar nan mai jini ba. Ko a kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga na'ura. Suratun Nur kuma, aya ta 4, bulala 80 ta tanada ga wanda ya jefi mace mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Sau nawa muke tura irin wannan jifa da yatsa ɗaya?

A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano. An ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Zato ya zama hukunci a bakin titi, babu shaida, babu i'izari. Mun yi kuka, kuma ya dace mu yi. Amma a kasuwanninmu ma, mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo!", wa yake tsayawa ya tambaya me aka sata, wa ya gani?

Shekaranjiya 'yata ta shigo da gudu wai yayanta ya shanye mata alewa. Na ce, kin gani ne, ko ji kika yi? Ta ce ledar ta tsinta a jakarsa. Na ce to, kin kawo alama, je ki kira mini shi mu ji ta bakinsa.