Safar Ulu Da Kaushin Ƙafata

Hunturun bana ne ya mai da ni alƙalin safa, da girmana da gemuna. Kullum da sassafe nake hawa babur zuwa fadama ban ruwan albasa, kafin in isa yatsun ƙafata sun ƙandare kamar ba nawa ba.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Gujungu. Wani yaro ya miƙo min safa sabuwa dal a leda, ja wur, yana ta rantsuwa wai ulu ce zalla. Gaba kaɗan wani dattijo mai gwanjo ya zaƙulo min wata ruwan toka, mai kauri, tana warin dila. Ya tsinko zare ɗaya ya ƙyasta masa ashana, sai ƙaurin babbaka ya tashi.

"Ka ji ko? Gashin tunkiya ke nan. Na roba narkewa yake ya dunƙule kamar leda."

Na ce, "Baba, duk Balami da Udar da na sani ban taɓa ganin mai ulu ba."

Ya ce ai wannan tumakin Ostareliya ne. Na saye duka biyun.

Don kada in zalunci kowa, sai na sa ja a dama, ruwan toka a hagu: sanyi ɗaya, hanya ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne masallaci. Ina cire takalmi da asuba, ga fitilar sola tar, ladan ya dubi ƙafata ya dubi fuskata.

"Malam, a duhu aka yi shiri ne?"

Na ce bincike nake. Kafin hantsi yaran gari sun raɗa min Mai Ƙafar Aro.

Kaushina kuwa ba na wasa ba ne, dutsen goga ma ya san da zamansa. Kwana 4 ya yi wa ja taga a dunduniya, ga gumi, ga warin da ya sa kyanwa ta daina kwana a ɗakina. Ta gwanjo ko gezau. Ko raɓa ta jiƙa ta, ɗuminta na nan. Har na fara yi wa mutane wa'azin ulu a majalisa.

Ran nan na dawo na tarar uwargida tana shanya.

"Maigida, na wanke maka kayan Turawan nan, wa ya san ƙafar da ta sa su? Ruwa tafasasshe na zuba, na cuɗa su da omo sosai."

Ulu da ruwan zafi ashe ba sa ga maciji. Na ɗago su a igiya, sun tsuke sun yi tauri, ko babban yatsana da kyar ya leƙa ciki.

Yanzu autanmu mai shekara 3 ne ke taƙama da su a tsakar gida. Ni na koma wa ja, ina juya tagar sama don kaushi ya samu sabon wuri.