A kai kiɗan Damagaram jami'a, amma tare da makaɗansa

Yaron da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ya ce wa mahaifinsa tsara kiɗa yake son karantawa, amsar da zai samu a yawancin gidajen Damagaram sananna ce: "Roƙo za ka yi da digiri?" Ban ga laifin uban ba. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, ɗan makaɗi ke gadon ganga, kuma kowa ya san matsayin da aka ajiye maroƙi.

Sai dai gadon nan yana yankewa. Marigayi Malam Mamman Barka, makaɗi ɗan Tesker a jihar Damagaram, sai da ya bi hanya har bakin tafkin Cadi a 2002, da tallafin UNESCO, ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne gwanin ƙarshe mai kaɗa biram na ƙabilar Buduma. Da ya yi jinkiri, da kayan kiɗan nan mai tsirkiya biyar ya bi mai shi kabari. Barka kansa ya rasu a 2018. Algaita da kakaki da tambarin fadar Sarkin Damagaram ba su kai wannan hali ba tukuna, amma matasa nawa ne a unguwar Birni ko Zango ke iya bambanta taken sarki da na galadima?

Saboda haka nake ganin tsara kiɗa ya cancanci kujera a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ma sunan marubucin wasan kwaikwayo take ɗauke da shi. Yamai na da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tun 1989, amma tsakaninmu da ita kusan kilomita 900 ne, ba kowane ɗan talaka ke iya zuwa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne a kwaso manhajar Faransa a kife mana. Rubutun kiɗa na Turawa abu ne mai amfani, a koye shi. Amma an gina shi ne kan sautuka irin na piyano, ita kuwa algaita tana ratsa tsakaninsu. Ga kuma harshen kansa: Hausa na da karin sauti, mai tsara waƙa da bai kula da hawa da saukar murya ba sai ya karkatar da ma'anar baiti, kalangu kuma ya daina magana. Wannan ilimi yana hannun makaɗan fada da masu gurmi, ba ya cikin littafi. A ɗauke su malamai, a biya su albashi, ko da ba su da takardar firamare.

Batun abinci kuwa, masu fim da gidajen rediyo da masu talla duk kiɗa suke saye, galibi daga situdiyon Kano. Ɗalibin da ya iya tsara nasa, ya iya ɗaukar sauti a kwamfuta, ya kuma san yadda zai yi rajistar aikinsa a hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA, shi zai tare wannan ciniki a gida.