Rufe iyakar Nijar ba shi ne maganin barazana ba

Duk lokacin da siyasa ta dagule a Yamai, abin da hukumomi a Abuja suka fi hanzarin yi shi ne rufe iyaka, sai ka ce mai safarar makamai ta ƙofar Illela ko Jibiya ko Maigatari yake shigowa. Haka aka yi bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, inda aka garƙame iyakar, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024.

Turawan Ingila da Faransa ne suka shata wannan layi mai tsawon kusan kilomita 1,500 a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba Katsina da Maraɗi, alhali sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta samo asali. Layin da ya ratsa gonaki da dangi ba ya rufuwa da umarnin gwamnati. Abin da rufewar ke haifarwa shi ne, falke da dillalin shanu da ke bin ƙofa a da su koma ɓarauniyar hanya tare da ɗan ta'adda, har jami'in tsaro ya kasa rarrabe su, sannan ya rasa mutanen da suka saba tsegunta masa labari, domin ya mayar da su masu laifi.

A ganina, babbar barazanar ita ce yankewar haɗin gwiwa tsakanin sojojin ƙasashen biyu. A Nuwamba 2024 hedikwatar tsaron Najeriya ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar 'yan ta'adda ta Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, kuma a Maris 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi.

Mu a Bauchi ba mu da iyaka da Nijar, amma kada hakan ya ruɗe mu, tunda Jigawa da Yobe ne kawai a tsakaninmu, kuma bindigar da ta tsallako ba ta da wuyar isa dazukan Ningi ko Alkaleri. Saboda haka ya kamata gwamnatin jiha ta riƙa zama a kai a kai da dagatai da arɗaɗɗa da sarakunan tasha da dillalan kara na Azare da Gamawa, domin su ne ke fara ganin baƙuwar fuska da shanun da aka karya wa farashi.